Yadda ake tantance babbar lamba mataki-mataki: aiki da 123,456,789

Idan aka ajiye maka lamba mai alƙaluma tara aka ce ka faɗi halinta, tambayoyin da ke jiranka suna da yawa. Cika ce ko mara? Me da me ke raba ta ba saura? Murabba'i ce, wato abin da ake samu in an ninka wata lamba da kanta? A wane rukuni masana lissafi za su sa ta? Ɗalibai da dama sukan ɗauki tambayoyin nan ɗaya bayan ɗaya, kowace da wahalarta, alhali kusan dukansu amsarsu na wuri guda. Da zarar ka warware lambar zuwa ƙananan lambobin da aka ninka aka same ta, sauran amsoshin karanta su kawai za ka yi. Don haka aikin gaba ɗaya hanya ce ta isa ga wannan warwarewar, a fara da gwaji mai araha, a bar mai tsada sai in ya zama dole.

Za mu yi aiki da 123,456,789. Kowa na iya riƙe ta a ka, kuma tana da taurin kai daidai gwargwado: tana ba da kai a farko, sannan ta cije. Ka tanadi takarda da biro da kalkuletar da ke ɗaukar alƙaluma goma ko fiye. Ƙananan kalkuletocin kanti masu alƙaluma takwas ba za su ɗauke ta ba, amma ta cikin waya ta isa.

Mataki na 1: Karanta ta, ka auna girmanta

Rarraba alƙaluman uku-uku daga dama: 123, sai 456, sai 789. Wato miliyan ɗari da ashirin da uku, da dubu ɗari huɗu da hamsin da shida, da ɗari bakwai da tamanin da tara. Wanda ya yi karatu a Nijar ya lura: a tsarin Faransanci sarari ake bari tsakanin rukunonin, waƙafi kuwa alamar gutsure ce. A nan waƙafin raba dubbai kawai yake yi.

Yana da kyau ka ji nauyin lambar kafin ka fara. Da za ka ƙirga ɗaya a kowace daƙiƙa, ba barci ba hutu, sai ka yi kwana 1,428 da awa 21 da minti 33 da daƙiƙa 9, wato kusan shekara huɗu.

Sai ka nemi tushen murabba'inta, wato lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da wannan ko kusa da ita. 11,111 sau 11,111 ya ba da 123,454,321. 11,112 sau 11,112 kuma ya ba da 123,476,544. Lambarmu tana tsakaninsu. Rubuta 11,111 a gefen takarda, don za ta yi mana aiki fiye da sau ɗaya. Tun yanzu ma mun samu amsa ɗaya kyauta: lambar ba murabba'i ba ce, tunda ta faɗa tsakanin murabba'ai biyu da ke maƙwabtaka.

Mataki na 2: Duba wutsiyarta

Alƙalamin ƙarshe 9 ne, saboda haka mara ce, 2 ba ya raba ta. Abin da 2 ya kasa, 4 da 6 da 8 da duk wata cika ba za su iya ba. Ba ta ƙare da 0 ko 5 ba, don haka 5 ma ya fita, tare da 10 da 15 da 25. Da lambar cika ce, sai ka duba alƙaluma biyu na ƙarshe don gwada 4, uku na ƙarshe don gwada 8.

Mataki na 3: Tara alƙaluman

1+2+3+4+5+6+7+8+9 ya ba da 45. Tunda 9 na raba 45, to yana raba lambar gaba ɗaya, haka ma 3. Dalilin ba wani sirri ba ne: 10 tara ce da ɗaya, 100 casa'in da tara ce da ɗaya, 1,000 ma haka. Duk lokacin da ka raba ɗayansu da 9, saura ɗaya ake samu. Saboda haka ragowar lambar in an raba ta da 9 daidai take da ragowar jimillar alƙalumanta.

Wannan ƙaramin gwaji ya yanke hukunci a kan dangi guda. Akwai lambobi 362,880 da ake iya rubutawa da alƙaluma 1 zuwa 9, kowane sau ɗaya, kuma tamu ce ƙaramarsu. Duk yadda ka jujjuya su, jimillar 45 ce, don haka 9 na raba kowace ɗaya.

Yanzu raba: 123,456,789 ÷ 9 = 13,717,421. Kada ka wuce ba ka sake gwadawa ba. Jimillar alƙaluman sabuwar lambar 26 ce, 3 ba ya raba 26. Ke nan 3 ya shiga sau biyu cif, ba sau uku ba. Nan ne mutane kan yi sakaci: su raba da 3 sau ɗaya su wuce, daga baya duk lissafin da aka ɗora a kai ya karkace.

Mataki na 4: Gwada 7 da 11 da 13 a tashi ɗaya

Akwai dabara mai daɗi a nan, domin 7 × 11 × 13 = 1,001. Ɗauki rukunonin nan na uku-uku daga dama, ka riƙa ɗebewa da tarawa bi da bi: 789 − 456 + 123 = 456. Duk ragowar da 456 za ta bari in an raba ta da 7 ko 11 ko 13, ita ce babbar lambar za ta bari. 456 ÷ 7 saura 1. 456 ÷ 11 saura 5. 456 ÷ 13 saura 1. Babu wanda ya shiga.

Irin wannan dabarar na aiki ga 37, saboda 27 × 37 = 999, sai dai a nan tarawa kawai ake yi: 123 + 456 + 789 = 1,368, sannan 1 + 368 = 369. Raba 369 da 37, saura 36. Shi ma ya fita.

Ba sai ka maimaita waɗannan a kan 13,717,421 ba. Abin da bai raba uwa ba, ba zai raba abin da aka ciro daga cikinta ba.

Mataki na 5: San inda za ka tsaya

Lambobin da muke farauta su ne waɗanda ba abin da ke raba su sai 1 da su kansu: 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, 19, 23 da sauransu. Za mu kira su gagara-rabo. Su ne tubalan da aka gina kowace lamba da su, kuma kowace lamba da ta wuce 1 hanya ɗaya tak take warwaruwa zuwa gare su. Masanin lissafi Yuklid, wanda ya yi zamani a Iskandariyya wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, ya tabbatar da cewa ba su da ƙarshe. Lamba 1 ba ta cikinsu.

Abin da ya rage a hannunmu 13,717,421 ne. Ko dai ita kanta gagara-rabo ce, ko kuwa akwai wasu a cikinta. Hanya mafi sauƙin fahimta ita ce a ci gaba da gwada rabawa: da 17 saura 2, da 19 saura 10, da 23 saura 14. Amma har zuwa ina? Ba sai ka kai miliyan goma sha uku ba. Idan lamba ta samu ne daga ninka wasu lambobi biyu da juna, dole ɗaya daga cikin biyun kada ta wuce tushen murabba'in lambar, domin in dukansu sun wuce, abin da za su haifar zai zarce lambar. 3,703 × 3,703 = 13,712,209, sannan 3,704 × 3,704 = 13,719,616. To iyakarmu 3,703. In ka gwada duk gagara-rabo har can ba wanda ya shiga, ka tabbata lambar gagara-rabo ce.

Matsalar ita ce gagara-rabo da ke ƙasa da wannan iyaka sun haura ɗari biyar. Mai haƙuri zai iya, amma a wannan lambar sai ya yi rabawa fiye da ɗari biyar kafin ya ci karo da na farko. Shawarata ita ce ka gwada har zuwa 100 ko makamancin haka, gagara-rabo 25 ne kacal a wannan tazara, in ba ka samu ba ka canza dabara.

Abin da ba na so ka yi shi ne ka gaji ka yanke cewa gagara-rabo ce. Babban masani Pierre de Fermat na Faransa ya yi zaton 4,294,967,297 gagara-rabo ce, aka zauna a haka shekaru da dama, sai a 1732 Leonhard Euler ya nuna cewa 641 × 6,700,417 ce. Rashin samun mai rabawa a gwaji ashirin ko hamsin ba hujja ba ce.

Mataki na 6: Dabarar bambancin murabba'ai

Wannan ce zuciyar aikin, kuma Fermat ɗin nan ne ya bayyana ta a wata wasiƙa a 1643. Ta dogara ne a kan abin da kowane ɗan sakandare ya haddace: a² − b² = (a − b)(a + b). Duk lamba mara da ke warwaruwa zuwa gida biyu ana iya rubuta ta a matsayin wani murabba'i a ɗebe wani. In ka gano murabba'an biyu, ka gano gidajen biyu.

Ga yadda ake yi. Fara da lamba ta farko da murabba'inta ya wuce lambarka, a nan 3,704. Ɗebe lambarka daga murabba'in, ka duba ko abin da ya rage murabba'i ne.

Gwaji na farko: 13,719,616 − 13,717,421 = 2,195. Murabba'i ne? A'a. Murabba'in da ya ƙare da 5 dole ya ƙare da 25. Kuma 46 × 46 = 2,116, 47 × 47 = 2,209, ta faɗa tsakani.

Gwaji na biyu: matsa zuwa 3,705. Ba sai ka sake doguwar ninkawa ba. Daga murabba'in wata lamba zuwa na mai bi mata, ƙarin shi ne ninki biyu na lambar da ɗaya: 2 × 3,704 + 1 = 7,409. Tara shi a kan 2,195, ka samu 9,604. To 98 × 98 nawa ne? 9,604 cif.

Ke nan 13,717,421 = 3,705² − 98² = (3,705 − 98) × (3,705 + 98) = 3,607 × 3,803.

Aikin da zai ci rabawa sama da ɗari biyar ya ƙare a gwaji biyu. Ina ganin duk malamin lissafi ya kamata ya nuna wa ɗalibansa wannan misalin, domin yana koya musu cewa zaɓen hanya ya fi yawan ƙoƙari tasiri. Amma a san iyakar dabarar. Ta yi sauri ne saboda 3,607 da 3,803 suna kusa da juna, tazararsu 196 ce kawai. Inda gidajen biyu suka yi nisa da juna, ɗaya ƙarami ɗaya ƙato, dabarar kan yi ta jan ƙafa, rabawa ɗaya-ɗaya ta fi ta. Hanyoyin biyu kishiyoyi ne: ɗaya na farawa daga ƙasa, ɗaya daga tsakiya. Shi ya sa ake fara share ƙananan gagara-rabo, sannan a koma wannan.

Don rage wahala in gwajin ya yi tsawo, riƙe wannan: murabba'i ba ya ƙarewa da 2, 3, 7 ko 8. In ya ƙare da 6, alƙalamin da ke gabansa mara ne. In ya ƙare da 1, 4 ko 9, na gabansa cika ne. Da kallo kawai za ka watsar da yawancin ragowar.

Mataki na 7: Tabbatar da gidajen, ka binciki ninkawarka

Samun 3,607 da 3,803 bai gama magana ba, sai an tabbatar su ma ba sa warwaruwa. Amma yanzu aikin ya yi sauƙi. 60 × 60 = 3,600, 61 × 61 = 3,721, 62 × 62 = 3,844. Don haka 3,607 za a gwada ta har zuwa 59, ita kuma 3,803 har zuwa 61. Mun riga mun kawar da 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, 19, 23 da 37 tun a matakan baya. Saura 29, 31, 41, 43, 47, 53, 59 da 61. Ga 3,607 ragowar su ne 11, 11, 40, 38, 35, 3 da 8 har zuwa 59. Ga 3,803 kuwa 4, 21, 31, 19, 43, 40, 27 da 21. Babu sifili ko ɗaya. Dukansu gagara-rabo ne.

Binciki ninkawar da gwajin tara. Tara alƙaluman 3,607 ka samu 16, ka sake tarawa ka samu 7. Na 3,803 sun ba da 14, sai 5. 7 × 5 = 35, wato 8. Na 13,717,421 sun ba da 26, wato 8. Sun dace. Wannan gwajin ba ya kama kowane kuskure, musamman in ka musanya wurin alƙaluma biyu, amma yana kama mafi yawa.

Ga sakamakon da muke nema tun farko:

123,456,789 = 3² × 3,607 × 3,803

Daga nan sai girbi.

Mataki na 8: Ƙirga masu raba ta, ka tara su

Ɗauki ƙarfin kowane gagara-rabo, wato sau nawa ya shiga, ka ƙara ɗaya, ka ninka su. 3 ya shiga sau biyu, sauran sau ɗaya-ɗaya: 3 × 2 × 2 = 12. Dalili shi ne duk mai raba ta zaɓi ne: ko ka ɗauki 3 sau sifili, ko sau ɗaya, ko sau biyu, ko ka ɗauki 3,607 ko ka bar ta, haka ma 3,803. Ga su:

1, 3, 9, 3,607, 3,803, 10,821, 11,409, 32,463, 34,227, 13,717,421, 41,152,263, 123,456,789.

Lura da yadda suke tafiya biyu-biyu, na farko da na ƙarshe, na biyu da na kusa da ƙarshe, har a haɗu a tsakiya: 10,821 × 11,409. Waɗannan biyun suna gefe da gefen 11,111 da muka ajiye. In adadin masu rabawa ya fito mara, lambar murabba'i ce. Namu 12 ne, ya yi daidai da abin da muka gani a mataki na farko.

Lamba mai girman miliyan 123 da masu rabawa 12 kacal matalauciya ce ta wannan fuska. Kwatanta ta da 720,720, wadda ba ta kai miliyan ɗaya ba amma tana da 240, kuma duk lambobi daga 1 zuwa 16 suna raba ta.

Jimillarsu ma ba sai ka tara ɗaya-ɗaya ba. Ninka (1 + 3 + 9) da (1 + 3,607) da (1 + 3,803), wato 13 × 3,608 × 3,804 = 178,422,816. Ɗebe lambar kanta, ya rage 54,966,027.

Wannan adadin ne ke sa lamba a ɗaya daga rukunoni uku da Girkawa suka tsara tun zamanin Nikomakus, wajen shekara ta 100 miladiyya. In jimillar masu rabawa, ban da lambar kanta, ta gaza lambar, mai giɓi ce. In ta zarce, mai rara ce, kamar 12, wadda 1+2+3+4+6 suka ba da 16. In ta yi daidai cif, kamila ce, kamar 6 da 28 da 496 da 8,128 da 33,550,336. Tamu mai giɓi ce ƙwarai, jimillar ba ta kai rabinta ba. Ba abin mamaki ba ne ga lamba mara: sai an kai 945 kafin a samu mara ta farko mai rara. Kamila mara kuwa har yau ba a taɓa samu ba, ba a kuma tabbatar babu ita ba.

Akwai kuma lambobi aminan juna, irin 220 da 284, inda masu raba kowace ke taruwa su ba da ɗayar. Sabit bin Ƙurra, wanda ya yi aiki a Bagadaza ya rasu a 901, ya fitar da ƙa'idar samo wasu daga cikinsu. Kafin tamu ta zama da aminiya, sai masu raba 54,966,027 sun taru sun dawo da 123,456,789, kuma gano hakan na bukatar a warware ita ma daga farko.

Mataki na 9: Dangantakarta da wata lamba

Wanda ya karanci ilimin rabon gado ya san wannan babin ko da bai taɓa shiga ajin lissafi ba. Malaman fara'ili kan duba lambobi biyu su ce tsakaninsu tamasuli ne in daidai suke, tadahuli in ɗaya na raba ɗaya, tawafuƙi in akwai wata lamba da ke raba su duka, tabayuni in ba abin da ya haɗa su sai 1. Tambaya ɗaya ce da ta masana lissafi: mene ne babban mai raba su duka?

Hanyar Yuklid ce mafi sauri, kuma ba ta bukatar warwarewa. Raba babba da ƙarama, ka riƙe saura. Sai ka raba ƙaramar da sauran, ka yi ta yi har saura ya zama sifili. Saura na ƙarshe kafin sifili shi ne amsa. Gwada da 987,654,321. Ninka tamu sau 8, ka samu 987,654,312, saura 9. Raba tamu da 9, ba saura. Babban mai raba su 9 ne, tsakaninsu tawafuƙi ne.

In kana son sanin lambobi nawa ne daga 1 zuwa tamu da suke tabayuni da ita, Euler ya ba da hanya. Ga 3² ka ɗauki 9 − 3 = 6, ga sauran ka rage ɗaya-ɗaya: 6 × 3,606 × 3,802 = 82,260,072. Kusan kashi biyu bisa uku ke nan, domin 3 ne kaɗai ke kwashe kaso mai yawa.

Mataki na 10: Sauran rukunoni

Waɗannan ba sa cin lokaci. Tunda 9 na raba ta, tana ɗauke da murabba'i a cikinta. Ba a samun ta ta jera lamba ɗaya sau uku a ninka su: 497 × 497 × 497 = 122,763,473, na 498 kuma 123,505,992. Ba ta cikin jerin Fibonacci, inda kowace lamba jimillar biyun da suka gabace ta ce, domin jerin ya tsallake daga 102,334,155 zuwa 165,580,141. Ko jimillar 1+2+3 har zuwa wani wuri ce? Ninka ta da 8 ka ƙara 1, in murabba'i ya fito, to haka ne. An samu 987,654,313, ya ƙare da 3, saboda haka a'a. Jimillar alƙalumanta, 45, ba ta raba ta, tunda 5 ba ya shiga.

Tambayar da ta fi waɗannan daɗi ita ce ko ana iya rubuta ta a matsayin jimillar murabba'ai biyu. Ƙa'idar ita ce a duba gagara-rabon da ke barin saura 3 in an raba su da 4. In ɗayansu ya shiga sau mara, ba zai yiwu ba. 3 ya shiga sau biyu, ba laifi. Amma 3,607 na barin saura 3, kuma sau ɗaya ta shiga, haka ma 3,803. To ba zai yiwu ba, komai daɗewar da ka yi kana nema. Dubi irin wahalar da warwarewar ta ɗauke maka: in ba ita ba, sai ka gwada dubban murabba'ai kafin ka haƙura.

Murabba'ai uku fa? Masanin lissafi Lagrange ya tabbatar a 1770 cewa huɗu sun ishi kowace lamba, wani masanin, Legendre, kuma ya nuna uku sun isa sai ga wasu keɓaɓɓu. Ga lamba mara, keɓaɓɓun su ne masu barin saura 7 in an raba su da 8. Tamu saura 5 take bari, don haka uku za su yi. Koma ga 11,111 ɗinmu: 123,456,789 − 123,454,321 = 2,468. Ita kuma 2,468 = 1,444 + 1,024, wato 38² + 32². Ke nan 123,456,789 = 11,111² + 38² + 32².

A ƙidayar kwamfuta ta sifili da ɗaya, lambar tana tsakanin 2 ninki 26 (a jera 2 sau 26 a ninka su), wato 67,108,864, da 2 ninki 27, wato 134,217,728, don haka gurbi 27 take ci. Ana samun rubutun ne ta raba ta da 2 a kai a kai, ana rubuta saura, a karanta daga ƙasa zuwa sama: 111010110111100110100010101.

In lambar ta fi ƙarfin biro

Lamba mai alƙaluma tara ko goma ana iya fama da ita da hannu. In ta wuce haka, a koma na'ura. A kwamfuta mai Linux akwai umarnin factor, shafin WolframAlpha ma na warwarewa nan take. A yi hattara da Excel: alƙaluma 15 kawai yake riƙewa daidai, abin da ya wuce sai ya mayar da shi sifili ba tare da gargaɗi ba.

Kafin zuwan na'ura aikin na cin shekaru. A 1903 Frank Nelson Cole ya nuna a gaban taron masana a Amurka cewa 2 ninki 67 a ɗebe 1 daidai yake da 193,707,721 × 761,838,257,287. Yau wayar hannu na yin wannan cikin ƙiftawar ido. Duk da haka warwarewa ba ta zama abu mai sauƙi ba. Gane cewa lamba gagara-rabo ce ya fi warware ta sauƙi nesa ba kusa ba. Gagara-rabon da aka gano a Oktoban 2024, wato 2 ninki 136,279,841 a ɗebe 1, tana da alƙaluma 41,024,320, amma warware wata lamba mai alƙaluma 250 kacal a 2020 sai da ya ci ƙarfin tarin kwamfutoci. A kan wannan tazarar aka gina tsarin ɓoye saƙo na RSA a 1977, wanda ke cikin abubuwan da ke tsare hulɗar banki a intanet. Masu haɗa makullansa suna kauce wa zaɓen gagara-rabo biyu da ke kusa da juna, saboda dabarar nan ta mataki na 6 za ta buɗe su kamar yadda ta buɗe mana 13,717,421.

Don gwada hannunka, ɗauki 987,654,321 ka bi matakan. Bayan ka cire 9 za ka samu 109,739,369. A wannan karon dabarar Fermat ba za ta taimaka ba, rabawa ɗaya-ɗaya ce za ta yi aiki: 17 na shiga, kuma in ka tuna ka sake gwadawa za ka ga sau biyu yake shiga, ya bar 379,721. Tushen murabba'in wannan bai kai 617 ba, don haka gagara-rabo 112 ne a ƙasa da iyakar, na ƙarshensu 613, kuma babu wanda zai shiga. Ya kamata ka samu masu rabawa 18, jimillarsu 1,515,470,502.